Yadda Kawu Harisu Ya Raba Kwamfutata Gida Uku

Duk wanda ya san kasuwar Gadarif ya san Harisu mai rabo, kuma ban taɓa jin wanda ya ambace shi bai haɗa da yabo ba. Shi yayan mahaifiyata ne. A gidansa nake kwana, abincin gidansa nake ci, kuma ba na ƙaunarsa ko kaɗan. Gara in faɗa tun daga farko, kada wani ya kai tsakiyar labari ya ce na yaudare shi. Akwai aiki guda da na sa rai zai fitar da ni da mahaifiyata daga zaman alfarma a ɗakin bayan gidansa, sai na ɗauki kayan neman aikin da hannuna na kai shagonsa na ajiye. Wannan wautar tawa ce, saura kuwa duk tasa ce.

An haife shi a nan Gadarif, shekara sittin da 'yan kai ke nan. Kakanninmu mutanen ƙasar Haɗeja ne da suka taso a ƙafa za su Makka, suka tsaya noman dawa don su haɗa guzuri, ga mu nan jikoki har yau ana haɗa guzurin. Mahaifinsa, Alhaji Sale, wakili ne a wata babbar gona a Fashaga, babban aikinsa raba wa leburori abinci lokacin yankan riɗi: garin dawa, busasshiyar kuɓewa, busasshen kifi, gishiri. Mutum ɗari ga yunwa, idon kowa a kan mudu. A nan Harisu ya yi karatunsa, kuma darasi ɗaya ya ɗauko: in kashi ya zo daidai, ba mai ɗaga murya. Ban ce ƙarya ba ne. A kan garin dawa gaskiya ne. Matsalar ita ce Kawu ya baro Fashaga yana ganin duk abin da ke duniya garin dawa ne.

Da ya girma sai unguwa ta ɗauke shi ta ɗora a ka. Naman layya, shi. Goron suna, shi. In wani ya dawo daga Makka da dabino da zamzam da tasbaha, a kira Harisu. Yana zuwa zai naɗe hannun jallabiya, ya kasa, ya ja baya ya ƙanƙance ido, ya ɗauke ƙwaya ɗaya daga nan ya mayar can. Labarin da aka fi yi masa kirari da shi na wani tela ne da ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu da keken ɗinki ɗaya, kowannensu ya iya ɗinki, kowanne yana so. Aka kira Kawu. Ya nemi sukudireba, ya kwance kan keken ya miƙa wa babban, ya bar wa ƙaramin teburin da abin takawa. Tun daga ranar babu wanda ya sake ɗinka ko ɗankwali a cikinsu. Ƙaramin yana jera kofunan shayi a kan teburin, babban yana tokare ƙofa da kan keken. Amma je ka tambayi unguwa, cewa za a yi Harisu ya kashe wutar rigima. Na ji labarin nan tun ina ƙarama in mun zo hutu, na yi dariya tare da kowa.

Sana'arsa ta bi zamani a hankali. Ya sayar da batir da rediyo, ya koma cajin waya, da farantan hasken rana suka shigo ya jera su a rufin shagonsa da ke bayan layin masu riɗi. Daga nan wani ya ba shi shawara ya sayi tsofaffin kwamfutoci shida ya buɗe wurin wasa, abin da mutanen nan ke kira sala. Shi kansa bai taɓa buga wasa ko sau ɗaya ba, bai san gabansa da bayansa ba. Yana zaune a bakin ƙofa da jabanarsa, wato gahawar mutanen nan, idonsa a kan agogon bango: kowa rabin awa, ko ɗan wane ne. Babbar dokarsa ita ce kada wata kwamfuta ta fi wata. In aka ce hoton lamba biyu ya fi na lamba biyar kyau, ba lamba biyar zai gyara ba, mai gyara zai kira a rage lamba biyu. Samari su yi ƙunƙuni su zauna, don a duk layin shi kaɗai ke da wutar da ba ta ɗaukewa da intanet mai ɗan ƙarfi.

Ni sunana Ilaf. A Khartum aka haife ni, can na yi karatu, kuma aikina gina wuraren da ake yawo a cikinsu a wasan kwamfuta: titi, bango, ƙofa, inuwar bishiya. Wasu ne ke yin mutanen da guje-gujen, ni nawa wurin ne. Da yaƙi ya tashi muka gudu Madani ni da mahaifiyata Ummuhani, da ya iske mu can muka sake gudowa Gadarif. Duk tafiyar nan akwatin kwamfutata yana kan cinyata a nannaɗe cikin bargo. Umma ta yi ta faɗa a mota, wai mutane na ɗauko zinare ni na ɗauko ƙarfe.

Wata tsohuwar abokiyar karatuna, Hanadi, ta tsallaka Alƙahira, ita da wasu 'yan Sudan suka kafa ƙaramin kamfanin wasanni. Da damina ta kama suka ce suna neman mai gina wurare mutum ɗaya, kuma wanda suka ɗauka za su yi masa takardun tafiya shi da wanda yake riƙo. Sharaɗinsu ɗaya ne. Ba sa karɓar hoto ko bidiyo, don an sha aiko musu da aikin wasu. Sai dai a kira ka, ka nuna allonka kai tsaye, ka zaga da su cikin abin da ka gina, su ce canza kaza ka canza suna kallo. Aka sa mini ranar wata Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe. Abin da zan nuna layin gidanmu ne na Khartum, wanda na shekara biyu ina ginawa daga hotunan wayata, har tsagewar bangon maƙwabta da tsatsar da ke jikin koriyar ƙofarmu. Wutar gida kuwa sai ta ga dama take zuwa. Shi ya sa, saura sati biyu, na ɗora kwamfutar a raksha, keke mai ƙafa uku, na kai salar Kawu, ya ba ni lungu guda.

Ranar na buɗe murfin don in kaɗe ƙurar hanya, ya sunkuyo yana leƙe.

"Ya bitti, 'yata, duk tarkacen nan wanne ne mai amfanin?"

Da na san abin da ke cikin kansa da na ce duk shara ce. Amma daɗin an tambaye ni abin da na sani ya kwashe ni, na shiga bayani kamar malamar makaranta. Na nuna masa wasu sanduna biyu sirara, kowace tsawon tafin hannu. Na ce waɗannan su ne ram, ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita nan take, kowace giga sha shida. Na ce ya ɗauka ɗan kasuwa ne mai sito a baya da tabarma a gaba. Duk abin da wasa ke bukata yanzu-yanzu, taswirar wuri, wa ke ina, me ke faruwa, a kan tabarmar ake baza shi. In tabarmar ta yi kaɗan, kowane motsi sai an ruga sito, shi ne za ka ga wasa yana tafiya sai ya ƙame, ya saki, ya sake ƙamewa. Sannan na nuna masa katin hoto, babba mai fanka biyu. Na ce wannan shi ne mai zanen, kuma yana da tasa tabarmar daban a gindinsa, giga takwas, ba a ɗora mata komai sai fatar bango da launin ƙofa da haske da inuwa. In tasa ta cika dole ya riƙa miƙa hannu can nesa wurin ram, kafin ya ɗauko ya zana lokaci ya wuce, hoto ya dagule, motsi ya koma jan ciki.

"Yani kowanne da nasa," in ji Kawu.

"Kowanne da nasa, amma tare suke aiki."

Ya gyaɗa kai. Rabin farko ya ji, rabin ƙarshe ya bi iska. Na ga leɓensa yana motsi, ashe ƙirga yake yi: ɗaya, biyu, uku.

Kwana biyu kawai aka yi salar ta rikice. Samari suka bar nasu wasan suka taru a bayana, suna kallon yadda rana ke faɗowa a kan bangon layinmu har ana ganin ƙwayar yashi a jikin siminti. Wani ya tambaya da ƙarfi me ya sa ta lungu ta fi sauran. Kawu ya ajiye kofinsa, ya zo ya tsaya a kaina.

"Rage taki ta yi daidai da ta jama'a. Mutane suna jin haushi."

Na yi dariya. Wallahi na ɗauka zolaya ce. Na ce, "Kawu, wannan ba ta haya ba ce, aikina ne." Ya koma kujerarsa. Duk wanda ya san shi ya san shirunsa ya fi maganarsa haɗari, amma ni 'yar Khartum ce, ban sani ba.

Ranar Juma'a, saura kwana shida, zazzaɓin sauro ya kayar da ni. Kwana uku ban san inda kaina yake ba. Litinin da safe na lallaɓa na tafi sala, jiri yana ɗibata, na kunna kwamfutar. Ta tashi lafiya lau. Na buɗe aikina, sai ya ɗauki lokaci har na fara tunanin ko zazzaɓin ne ke ja mini minti. Da layinmu ya bayyana, ban gane shi ba. Bangaye sun zama kamar an shafe su da kunu. Na matsa gaba taku uku, hoton ya ƙame, ya saki, na sha kwana ya sake ƙamewa. Cuta biyu a lokaci guda, kuma na san sunan kowace. Na kwance murfin. Sandar ram ɗaya ce a ciki. Inda katina yake kuwa, wani ɗan tsurut ne mai fanka ɗaya da ƙura ta toshe, irin na salar, giga biyu.

Kawu yana bakin ƙofa yana zuba jabana.

"Sannu da jiki, ya bitti. Jihaz ɗin bai tashi ba ne?"

"Ya tashi."

"To alhamdulillahi."

"Kawu, ina kart ɗina?"

"Yana Hawata, wurin kawunki Lukman. Ya zo sayayya ranar Asabar, na ba shi nasa."

Lukman ƙaninsa ne, yana da ɗan shago mai kwamfuta biyu a can bakin kogin Rahad. Na tsaya ina kallon Kawu, shi kuma ya gyara zama ya shiga yi mini bayani a natse, da muryar da yake kasa naman layya.

"Abin da ya shigo gida daga tafiya tsaraba ne, haka muka tarar. Na ma yi haƙuri wata bakwai ban ce komai ba, don kun zo a wahale. Gida uku muke: ni, Lukman, uwarki. Abu uku ne masu amfani a ciki, da bakinki kika nuna mini su. Na kira mai gyara, ɗaya na bar miki, ɗaya na sa a lamba uku, ɗaya na ba Lukman. Kuma ban bar ki haka ba, na sa miki kart daga nawa. In ma akwai wanda aka ƙwara Lukman ne, ke sha shida, ni sha shida, shi takwas kawai. Bai ce komai ba, ɗan halas."

Ban san lokacin da muryata ta fita ba. Na ce wannan ba rabo ba ne, sata ce. Na faɗa sau biyu, na biyun har masu ɗinkin buhu a ƙetaren layi suka ɗago kai. Kawu ya dube ni kamar na watsa masa ruwan zafi, ya ce, "Ni?" Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa jingina masa wannan kalma, kuma na ga ta shige shi. Ban ji tausayinsa ba, ko yanzu ban ji ba.

Na wuce lamba uku, na ɗaga wanda ke kai, na kashe ta na zare sandata na mayar mazauninta. Ƙamewar nan ta sha kwana ta tafi nan take. Bangayen kuwa suna nan a dagule. Kawu ya matso, fuska a ɗaure, wai zai nuna mini shi mai haƙuri ne.

"Khalas, shi ke nan, kin karɓe nawa, na bar miki. Yanzu kina da talatin da biyu. Takwas ɗin da kike wa kuka, ɗebi daga ciki mana. Talatin da biyu ba ta fi takwas ba?"

Na ce ko ɗari ne da ni ba za su zama ƙwaƙwalwar kati ba. Kati zai ara, amma aron ne ke kashe shi, don hanyar ta yi masa nisa, kuma shi kansa ɗan tsurut ɗin nan ba shi da ƙarfin zanen. Ya ce shi bai ga bambanci ba, giga giga ce. Na bar shi a nan, don in na ƙara kalma ɗaya abin da zai fito ya fi na farko muni.

Na kira Kawu Lukman. Kafin in gama gaisuwa shi ya fara ƙorafi.

"Ilaf, kart ɗin nan naki anya na gaske ne? Hoto kam ma sha Allah, kamar ka taɓa. Amma zol, mutumin cikin wasan, yana gudu sai ya tsaya cak, ya yi kamar ya mutu, kafin ya farfaɗo an harbe shi. Yara sun ce a cire."

"Kawu, ram nawa ne a jihaz ɗinka?"

"Wai huɗu."

"To ba laifin kart ba ne. Ka saka doki a akurkin kaji. Don Allah ka aiko mini da shi yau, Alhamis nake da ganawa."

"Yau? Ke ba ki ji ruwan da aka yi jiya ba? Lori uku ne a kafe a hanya tun asuba. Karif ne fa, tsakiyar damina, ya bitti. Sai dai in an sami tarakta mai zuwa."

Duk wanda ya san baƙar ƙasar nan ya san ba ƙarya ya yi ba. In ta sha ruwa, takalmi ma sai ta ƙwace maka. Kawu Harisu yana gefe yana saurare, da na kashe wayar sai ya ce, "Kin ji ko? Shi ma sandar nan yake bukata. Da kin bar tawa da na aika masa." Ka ji mutum. Gidan ya kama da wuta, shi yana auna ko hayaƙin ya kai wa kowa daidai.

Na rubuta wa Hanadi na faɗa mata gaskiya. Ta ce akwai mutum huɗu a layi, iyakar abin da za ta iya ta mayar da ni Asabar. Talata da Laraba na tattake kasuwar Gadarif cikin taɓo, shago shago. Duk katunan da na samu 'yan'uwan na Kawu ne. Mutum ɗaya na tarar da mai giga shida, wani mai ɗaukar hoto, ya ce ba zai buɗe abin sana'arsa ya ba wadda bai sani ba. Ban zarge shi ba, hasali ma na ce a raina ga mai hankali. Kullum safe da yamma ina kiran Hawata, kullum amsa ɗaya: ruwa ya ƙara sauka, ba tarakta.

Sai na koma abin da ya rage mini. Na zauna ina rage nauyin hotunan da ke jikin bangaye don su shiga giga biyu. Na raba su biyu, ba su shiga ba. Na raba huɗu, suka shiga da ƙyar, tafiya ta yi sumul, amma tsagewar bangon ta ɓace, tsatsar ƙofa ta zama ɗigon ja, layinmu ya koma kowane layi. Abin da za a duba a ɗauke ni a kansa, shi ne ya tafi. In na mayar da kyan, motsi ya koma jan ciki. Na yi kwana biyu ina kai da komo tsakanin mummuna mai gudu da kyakkyawa gurguwa, daga ƙarshe na tsaya a tsakiya, wato na kwashi rabin kowace cuta. Ina wannan aikin ina kuka, ba na ɓoyewa, kuma ba kukan tausayin kai ba ne, na baƙin ciki ne.

Asabar da safe Kawu ya yi abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya sallami kowa daga salar, abin da bai taɓa yi ba, don kada a ja mini intanet. Ya sa aka share lungun. Ya kawo mini shayi da hannunsa, duk da tun ranar Litinin ba ya amsa gaisuwata. Sannan ya ja kujera ya zauna a bayana. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Ƙarfe sha ɗaya suka kira. Hanadi da maza biyu da ban sani ba. Na nuna allona, na fara tafiya daga bakin layi a hankali, ina kauce wa juyawa da sauri. Ɗaya daga cikin mazan ya ce in matsa kusa da koriyar ƙofar can, yana son ganin jikinta. Na matsa. Ƙofar ta tsaya a gabanmu kamar an goga ganye a bango. Na jira ko cikakken hoton zai sauko, na ƙirga har goma a zuci, bai sauko ba.

"Ma sha Allah," in ji Kawu daga bayana. "Kamar gaske."

Na ji ɗayan ya yi tari. Hanadi ta yi sauri ta ce in mayar da hasken na yamma, su ga yadda inuwa ke kwanciya. Na san abin da zai faru, don inuwa ma a ƙwaƙwalwar kati take zama, kuma babu sauran wuri. Na danna. Hoton ya fara zuwa ɗaya-ɗaya kamar ana juya shafin littafi, fankar ɗan tsurut ɗin ta yi ƙara, allon ya yi baƙi, aikin ya rufe kansa. Na sake buɗewa, muka zauna muna kallon juna minti huɗu yana lodi. Na yi musu bayanin kati, suka gyaɗa kai cikin ladabi, irin gyaɗawar wanda ya sha jin uzuri.

Da yamma Hanadi ta kira ni ita kaɗai. "Ilaf, ni na san hannunki. Amma su ba su san ki ba, abin da suka gani shi suka gani. Malesh, ki yi haƙuri." Bayan kwana uku saƙo ya zo, sun ɗauki wani.

Na ɗauka an gama ke nan, ashe akwai saura. Maganar sata ta zaga unguwa. Kawu ya daina cin abincin da Umma ta sa wa hannu, ya daina zama a tsakar gida, matan gidan suka daina ɗaga ido in na wuce. Dattawa suka fara aike. Ba wanda ya tambayi me aka ɗauka, kowa tambayarsa ɗaya: yarinya ta dubi Harisu, Harisu mai rabo, ta ce masa haka a tsakiyar kasuwa? Umma ta zaunar da ni a bakin gado.

"Za ki ba shi haƙuri."

"Umma, ni aka cuta."

"Na sani. Na fi ki sani, tare muka tashi. Amma faɗa mini inda za mu in ya ce mu tashi."

Amsar tana Alƙahira, an ba wani.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Dattawa biyar, Kawu a tsakiya cikin farar jallabiya da rawani. Na fito na durƙusa a gabansa, na ce na yi kuskure, zafin zazzaɓi ne, ya yafe mini. Ya bar ni a durƙushe ya yi doguwar magana a kan zumunci, da yadda ubansa ya ciyar da mutum ɗari ba a taɓa jin kansu ba. Sannan ya ɗora hannu a kaina.

"Na yafe, duniya da lahira. 'Yata ce." Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Ya ɗaga hannu alamar bai gama ba. "Kuma don kada maganar ta sake tashi, Lukman ya kira jiya, ya ce hanya ta fara bushewa, zai aiko da kart ɗin. Na ce ya bar shi. Tunda aikin bai yiwu ba, ba ta da bukatarsa yanzu, kada a yi ta wahalar da abu a hanya. Kowa ya riƙe nasa."

"Haka ne," in ji dattawa. "Adalci ke nan."

Na ɗago kai. Umma tana tsaye a ƙofar ɗakinmu, ta damƙe bakin mayafinta da hannu biyu, idonta a kaina, tana girgiza kai a hankali yadda ba wanda zai lura sai ni.

Na ce, "Na gode, Kawu."